Yadda Maryama Ta Zama Abba

Tun ranar da dangin mijin Maryama suka zo gaisuwa suka ji kowa a gidan nan yana ce mata Abba, nake ganin tambaya a fuskarsu, kunya ce kawai ta hana su furtawa. Ku ma 'ya'yana kowa da irin labarin da ya riƙe. Zainabu, wadda aka yi abin a gabanta amma ta manta, tana cewa wai don Maryama ta tashi da hawan bishiya da buga ƙwallo ne. Habsatu kuma ta tsaya a kan abin da mamanku ta faɗa mata a taƙaice, cewa kakanku ne ya sa mata. Ta Habsatu ta fi kusa da gaskiya, sai dai an yanke wa labarin kai da ƙafa, kuma na san mamanku asiri ta rufa mini. Yanzu da furfura ta gama da gemuna ba ni da sauran abin ɓoyewa. Laifina ne, zan faɗe shi yadda ya faru, mai dariya ya yi, ni ma na sha yi wa kaina.

A shekarar muna zaune a wani ɗan tsohon gida a unguwar Glenwood ta garin Greensboro a nan Amurka, mai ɗaki biyu, wanda katakon ƙasansa ke kuka duk inda mutum ya taka. Ni ina aiki a wani sito na kayan ɗaki a gefen titin Wendover, ɗaukar kwali da lodin manyan motoci, mamanku Rabi kuwa tana da tsohon ciki tana fama da ku biyu. Kafin mu zo ƙasar nan malamar makaranta ce a Maradi, a irin makarantun da ake fara koya wa yara karatu da Hausa, shi ya sa har gobe ba a yin kuskure a magana a gabanta ta bari ya wuce. Babban ciwon kanta a lokacin Zainabu ce. Yarinya 'yar shekara biyar, ta tashi a gidan da daga uwa sai ƙanwa sai ƙawayen uwa, ni kuma kullum ina wurin aiki, sai ta ɗauka duk duniya "ke" ce da "ta". In na shigo gida takan rugo ta rungume ƙafata tana cewa, "Baba, kin dawo?" Har limamin masallacinmu, dattijo da gemu har ƙirji, ta taɓa tare shi a bainar jama'a ta tambaye shi ko "kin ci abinci". Rabi ta gyara har bakinta ya gaji, yarinya ta ce to, gobe ta maimaita.

Maƙwabciyarmu kuwa, Anti Memuna, tata cutar akasin ta Zainabu ce. Mutuniyar zangon Kumasi ce, mai kirki ta ƙarshe, tana dafa wake da shinkafa ranar Asabar mutane suna zuwa saye har daga East Greensboro. Hausarsu ta can ba ta san mace ba, kowa "ya" ne. In na tambaye ta ina Rabi, sai ta ce mini matanka ya tafi kasuwa, yanzu zai dawo. Idan ita da Zainabu suka zauna hira a baranda, ɗaya ta mai da kowa mace, ɗaya ta mai da kowa namiji, Rabi tashi take yi ta shige kicin ta kunna famfo.

Sai kuma kakanku, Baba, wanda ba ku taɓa gani ba sai a hoto. Maɗinki ne a Damagaram, mai aikin hannu a kan manyan riguna, kuma ni kaɗai ne ɗansa namiji. 'Yan'uwana mata sun haifa masa jikoki maza, amma kun san yadda mutanenmu ke kallon abin, waɗannan 'ya'yan wani gida ne. Bai taɓa cewa uffan ba da aka haifi Zainabu da Habsatu, murna ya yi tsakani da Allah. Shekara guda kafin wannan labari hawan jini ya kwantar da shi, hannunsa na dama ya yi nauyi, ya sa aka lulluɓe keken ɗinkinsa da zane, ya koma zaman zaure. Duk ranar Lahadi da hantsi nakan kankare katin waya in buga shagon da ke kusa da gidanmu, a aika a riƙo shi ya zo. Muryarsa kullum raguwa take yi, ni kuma ina nan ba ni da takardun da zan je in dawo.

Naƙuda ta zo wa Rabi sati biyu kafin lokacin da aka ɗiba mata, da hantsi, ina sito, wayoyinmu kuma a kulle suke sai lokacin hutu. Anti Memuna ce ta kai ta asibiti, ita ta tsaya a kanta har ta sauka. Rabi cikin gajiya ta ce a sanar da gida, ta nuna jakarta. Anti Memuna ta samu kati da takardar da na rubuta lambar shagon Damagaram, ta buga, aka yi sa'a Baba yana kusa. Daga baya ta maimaita mini abin da ta ce masa, tana alfahari da yadda ta iya isar da saƙo.

"Baba, albishirinka, Rabi ya sauka lafiya. Jariri ya fito da ƙarfinsa, yana da gashi, ya yi kama da kai a hoto, hancin nan duk naka ne."

Baba ya tambaya me aka samu, kafin ta amsa katin ya ƙare. Da ya tsaya ya lura, ai ya ji an ce Rabi ma "ya" sauka, amma mai murna ba ya tace magana. Ya ji "ya" sau uku, ya ji hanci, shi ke nan ya koma gida da jika namiji.

Ni ban san an yi haka ba sai washegari da na buga. Yaya Hajara, babbar yayata, ita ta fara ɗauka, tana magana tana dariya tana kuka. Ta ce Baba jiya da ƙafarsa ya koma gida ba wanda ya riƙe shi, ya sa an sayo goro an raba wa unguwa, kuma da safen nan ya yaye zanen da ke kan keke ya ce a kawo masa mai. Na buɗe baki zan tambaye ta wane irin labari suka ji, sai na ji muryar Baba, irin wadda na sani tun ina yaro, mai cika zaure.

"Kai Lawali, Allah ya yi maka albarka. Tun da ka tafi ban taɓa roƙonka komai ba. Yau zan roƙa. Ka sa masa sunana."

Na ce, "To, Baba."

Wannan "to" ɗin, harafi biyu kacal, shi ya ci mini wata huɗu. Da na koma asibiti na faɗa wa Rabi, dariya ta fara yi har ta riƙe ciki ta ce in daina, sannan ta share hawaye ta tambaye ni yaushe zan gyara. Na ce a bari a yi suna tukuna, tsoho ya ɗan ƙara ƙarfi, kada a katse masa jin daɗi ciwo ya dawo. Ta dube ni ta ce sati ɗaya ta ba ni.

Haka aka yi suna biyu rana ɗaya. A nan Greensboro liman ya raɗa wa yarinya Maryama, aka ci rago da shinkafar Anti Memuna. A Damagaram kuma aka yanka wani ragon aka sanar da sunan Baba. Dangin Rabi suna Maradi, sun san gaskiya, nisa ya taimake ni. Matsalata mutanen garinmu biyu ne da ke nan, waɗanda su ma kowane mako suke buga waya gida. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na roƙe su su kame bakinsu. Suka yarda, amma daga ranar ban sake shiga majalisarmu ta bayan sallar Juma'a ba tare da wani ya tambaye ni lafiyar tagwaye cikin zolaya ba.

Sati ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama wata. A nan ne na gane Hausa ba ta da wurin ɓuya. Mutum ba ya iya faɗin kalma uku a kan jariri bai bayyana ko mace ko namiji ba. In ka tsere wa "ya" da "ta", "ne" da "ce" suna jiranka a ƙarshen magana. Ni da ban wuce aji shida ba, sai ga ni na zama gwanin nahawu saboda tsoro. Baba ya ce yaya takwarana, in ce ana nan lafiya. Ya ce yana shan nono kuwa, in ce ana sha sosai. Ya ce ya fara dariya, in ce an fara. In "an" ta gaji in koma "su", in ce yanzu suka yi barci. Wata rana ya tambaye ni fari ne ko baƙi, can Allah ya kawo mini mafita na ce wankan tarwaɗa. Abin da ya fi ba ni kunya, Baba daɗi ya ji. Ya faɗa wa Yaya Hajara cewa Turai ba ta lalata Lawali ba, ya san girman suna, ko jaririn ba ya iya ce masa "shi". Shi ya ce tun da ba za mu iya kama sunansa ba, a riƙa kiran yaron Abba. Ni kuwa ina lallashin kaina da cewa ai ban yi ƙarya ba, ban taɓa cewa namiji ne da bakina ba.

Rabi takan karɓi waya ta gaishe shi, ta tambayi jiki, da ya ɗauko zancen takwara sai ta ce ga Baban Zainabu, ta miƙo mini ta fita. Ta daina dariyar abin tun wata na biyu.

A wata na huɗu Zainabu ta fasa ƙwan, ko in ce ta yi ƙoƙarin fasawa. Wata Lahadi ina cikin "an" da "ana", ta fizge wayar daga hannuna ta ce za ta gaida Kaka. Ina ji ta ce masa bebi ta yi dariya, ta kama mata yatsa, ta yi mini amai a riga. Na jingina da bango na ce yau kashina ya bushe. Sai na jiyo dariyar tsoho tana fitowa ta cikin wayar. Ya san halinta, shi ma "kin" take ce masa. Ya ce mata ke da "ta" ɗinki, ƙanenki namiji ne, ce "ya yi dariya". Ya sake cewa ta faɗa. Ta ce ya yi dariya. Ya sa mata albarka ya ce yau ta iya Hausa. Ni har ajiyar zuciya na yi, Allah ya yafe mini. Yarinyar ta ajiye waya ta tafi kicin, na ji ta tana tambaya.

"Mama, bebi ya ne ko ta?"

Na ji Rabi ta ajiye ludayi a hankali, irin ajiyewar da ta fi jifa ban tsoro.

A cikin satin ne wani matafiyi ya dawo daga gida da saƙon Baba. Da muka kwance ƙunshin sai ga 'yar farar riga ta maza, mai aska biyu a ƙirji, da hula da ba ta fi ƙoƙon shan fura ba. Ɗinkin ya ɗan karkace a wuya, na gane inda hannun ya yi masa gardama, amma ya gama shi. Rabi ta ninke rigar ta ajiye, hular kuwa ta ɗora ta kusa da kwanon tuwona. Kowane cin abinci in na zauna, hula tana nan tana kallona. A rana ta huɗu na kasa haƙuri na ce mata ba ta san abin da nake ɗauke da shi ba, tsoho nake tausayi, kuma shi namiji dole wani lokaci ya haɗiye magana ya ɗauki nauyi shi kaɗai. Ta jawo kujera ta zauna, ta gyara ɗankwali kamar za ta shiga aji.

"Baban Zainabu, shekara biyu ina koya wa yarinyar nan ya da ta. Rana ɗaya tak da ta faɗa daidai, ranar aka gyara mata, kana tsaye kana ji. Tun da ka ɗauko zancen maza, bari in tuna maka karatu. Mazantaka ce ake cewa, ba a cewa mazantaka ne. Jarumta ce. Gaskiya ce. Abin da ke hannunka kuwa tsoro ne, shi kam namiji ne, ban musa maka ba. In za ka yi ta maza ka yi, ita ma ka ga da ta ta fara."

Na so in yi dariya, don maganar ta yi kyau, amma ba ta gama ba. Ta dubi Maryama da ke kwance a kan tabarma tana wasa da ƙafarta, ta ce ranar da yarinyar nan ta girma ta tambaye ni ko kunyarta na ji, ita ba za ta amsa mini ba, ni zan amsa da bakina. Wannan ce ta shige ni. Ban taɓa jin kunyar Maryama ba ko na minti ɗaya, Allah shaida ne, amma wa zai yarda da uban da ya yi wata huɗu yana kewaye 'yarsa a magana kamar mai kewaye rami?

Ranar Lahadi na kankare kati na buga. Bayan gaisuwa Baba ya tambayi takwaransa kamar kullum. Na rufe ido na ce masa takwararsa tana lafiya, jiya ta cika wata huɗu, ta fara juyawa da kanta. Na ce mace ce, Baba, sunanta Maryama. Ban ji komai ba sai ƙarar babura a titin Damagaram. Na shiga zuba bayani, Anti Memuna da Hausar Kumasi da katin da ya ƙare da ciwonsa da na ji wa tsoro. Ya bar ni har na ƙare, sannan ya yi magana a hankali.

"Wata huɗu, sau biyar a rana, ina cewa Allah ya raya shi, Allah ya yi masa albarka. Wa ke nan nake yi wa addu'a, Lawali? Ita wannan baiwar Allah ka bar ta ko guda ɗaya ba ta samu daga bakina ba."

Duk lissafin da na yi wata huɗu, wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. Na zaci rashin jika namiji ne zai karya shi, ashe ni ne ban san ubana ba. Ya ce in ba shi Rabi. Da ita kuwa har da raha, ina jin su. Ya ce ashe amarya aka yi masa aka ɓoye, shi yana can yana wahalar ɗinka wa abokin hamayya riga. Ya ce rago dai an yanka, suna an sanar, shi kuma kyautar da ya bayar ba ya karɓa. A rubuta Maryama a takarda, shi Abba ya sani. To, kun ji inda sunan ya fito. Daga baya Yaya Hajara ta ba ni labarin yadda ya dogara sanda ya bi unguwa gida-gida yana sanar da mutane cewa mace ce, kunnen tsoho ne ya ji ba daidai ba. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya.

Ni kuwa hukuncina daban ya tanadar mini, da igiyar da na saƙa da hannuna ya ɗaure ni. Lahadin da ta biyo baya na gaishe shi, sai ya ce an tashi lafiya? An je aiki? Ana dai cin abinci ko? Mutumin da tun ina rarrafe yake ce mini "kai Lawali", ya ɗauke "kai" da "ka" gaba ɗaya daga bakinsa. Rabi da 'yan majalisa dariya suke yi har da hawaye, ni ma ina taya su, amma in na ajiye waya abin yana ci mini rai ƙwarai. Na roƙe shi gafara sau uku, kowane lokaci amsarsa ɗaya ce, an yafe. Haka muka yi wata biyu da 'yan kai.

Baba bai rayu ya ga Abba da idonsa ba, ni ma ban sake ganinsa ba, ya rasu tana shekara biyu. Hular tana cikin akwatin mamanku, ta ce ta ɗan farin Maryama ce, ko mace ko namiji. Abin da nake so ku riƙe daga wannan shekara shi ne safiyar ƙaramar sallar da ta biyo baya. Mun dawo daga Idi, Rabi ta sa wa Maryama farar rigar nan da hular, ta ce wahalar hannun tsoho ba za ta tafi a banza ba. Rigar ta sauko mata har tafin ƙafa, hular tana rufe mata ido. Na buga waya muka yi barka da salla, Baba ya ce a buɗe murya a kai masa kusa da kunnen amaryarsa. Ya fara, Allah ya raya ki, Allah ya yi miki albarka, Allah ya tsare ki, Allah ya ba ki ilimi mai amfani, ya yi ta jerowa yana danna "ki" ɗin nan kamar mai cike gurbin wata huɗu, ita kuwa tana ta ƙoƙarin cusa wayar a baki. Da ya gaji ya yi shiru yana mai da numfashi, har na ɗauka ya gama.

"Kai kuma, Lawali," in ji shi, "Allah ya shirye ka."

Na ce amin. Zainabu ta matso ta leƙa fuskata, ta ja mini hannun riga.

"Baba, kina kuka?"

Ranar Rabi ba ta gyara mata ba.